Faifan da Babban Akawu Ya Kira Asali

Babban akawun ofishinmu ya goge mini aikin wata biyar da hannunsa, ya jawo aka sare wa wani bawan Allah yatsu uku a gona, sannan ya ɗaga hannu ya nuna ni ya ce ni na yi. Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Ni ma ban taɓa neman afuwarsa ba kan abin da na yi wa bakinsa. Masu ce mini in bar zancen tunda shekaru sun ja, ba su aka shaƙe da mayafi a gaban mutane ba.

Ofishin masu awon fili ne, na wani Alhaji, a Doka, a saman bene, ƙasanmu kuma shagon masu sayar da fenti. Aikinmu a je a auna gona ko fuloti, a kafa duwatsun siminti a kusurwoyi, a dawo a buga takarda mai cewa daga nan zuwa nan na wane ne. Mu biyar ne a wurin. Akwai Alhaji mai ofis, wanda muke kira Yallaɓai. Akwai safiyo, shi ke fita awo, wani siririn mutum da za a yini da shi ba a ji muryarsa ba. Akwai babban akawu, akwai tsohon soja mai gadi, sai ni.

Da tsintsiya na shiga ofishin. Shekarata talatin da biyu, 'ya'yana huɗu, ban iya rubuta sunana da boko ba. Haushin dangwala yatsa a tawada duk lokacin da aka ce in sa hannu, shi ya kai ni ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke zama a kan bencin 'yan firamare a Unguwar Sarki, gwiwoyina na dukan tebur. Na yi shekara uku a haka. Na ƙara guda ina koyon tafireta wurin wata mata 'yar kudu da ke sauke wa mutum rula a bayan hannu in ya kalli yatsunsa. Da mai buga wa ofis takardu ta yi aure ta tafi, na ajiye tsintsiya na ce wa Yallaɓai ya gwada ni. Ya gwada, na zauna.

Babban akawu da tsintsiya ya san ni, kuma ganina a kujera bai taɓa yi masa daɗi ba. Dattijo ne, ya yi shekara talatin a rajistar wata ma'aikata kafin ya yi ritaya ya dawo wurinmu. Kullum farin kaftani, biro uku a aljihu, ja da shuɗi da baƙi. 'Yar yaƙi yake kirana.

"'Yar yaƙi, an gama yaƙin ne, ko har yanzu jahilcin ke korar ku?"

"Mun kusa, Baba Akawu. Saura na cikin ofis."

Haka muke gaisawa kowace safiya. Baƙi su yi dariya, sun ɗauka wasa ne.

Cikin shekarun casa'in Yallaɓai ya sayo kwamfuta biyu na hannu. Aka ɗora ɗaya a teburina, ɗaya a ofishinsa. Ba waya a tsakaninsu, abin da wannan ta sani waccan ba ta sani ba sai an kai mata. Mutumin da ya kawo su ya koya mini sati biyu, ya bar mini kwalin faifai, irin ƙananan nan masu kusurwa huɗu da ke shiga aljihu. Ranar da zai tafi ya ce mini na'ura tana mutuwa kamar kaza, ba ciwo ba sallama, don haka duk aikin da ke wuri ɗaya kaɗai in ɗauka babu shi.

Na riƙe maganar. Kullum kafin a tashi, abin da na buga ranar sai in kwafe shi a faifai, in shiga ofishin Yallaɓai in zuba wa tasa na'urar, ta zama daidai da tawa. Faifai uku nake juyawa, na rubuta musu Litinin, Laraba, Juma'a, suna kwana a durowata, makulli ɗaya a hannuna, ɗaya a wurin babban akawu. Dokar aikin guda ce. Na'ura tana rubuta ranar da aka taɓa kowane fayil a gefen sunansa, to kafin ki kwafa sai ki duba ranar. Sabo ake ɗorawa a kan tsoho. In aka juya, tsohon ya danne sabon, kuma ba ya barin ko alama.

Na rubuta matakan a bayan kwalin sukari na manna a bango, yadda ake kwafa daga na'ura zuwa faifai, da yadda ake yi daga faifai zuwa na'ura. Zancen duba rana ne ban rubuta ba. Na ɗauka ko akuya ta san wannan. Nawa laifin ke nan, kuma na faɗe shi da bakina tun kafin wani ya tuna mini.

Akwai faifai na huɗu. A watan farko Yallaɓai ya ce a yi ɗaya a ajiye a akwatin ƙarfe saboda gobara. Makullin akwatin yana hannun babban akawu. Ya karɓi faifan hannu biyu, ya sa Yallaɓai ya rattaba hannu a 'yar takardar jikinsa, ya buga hatimi, ya ɗauki jan biro ya rubuta ASALI. Ya sa shi a ambulan, ya ɗaure da zare kamar fayil, ya kulle. Kowane ƙarshen wata sai in je teburinsa.

"Baba Akawu, a ba ni faifan akwati in sabunta shi."

"Ki yi masa me?"

"In zuba masa sabon aiki. Ya tsufa."

"Asali ba ya tsufa. Shekara talatin na yi a rajista, ban taɓa ganin an ɗauko asali an gyara shi don ya bi kwafi ba. Kwafi ke bin asali. Takardar da ke ƙarƙashin kabon ce za ta gaya wa ta sama abin da aka rubuta?"

"Wannan ba takarda ba ce."

"Ke kuma ba akawu ba ce."

Sau biyu ina kai ƙararsa. Yallaɓai ya ce in yi haƙuri da dattijo, ai ina da nawa guda uku, me na huɗun zai tsare mini. Na ƙyale. Faifan akwati ya zauna da aikin watan farko, mu kuma muka ci gaba har wata biyar.

Cikin aikin watan farkon nan akwai gonaki biyu a bayan Rigachikun, na gidaje biyu maƙwabta, gidan gabas da gidan yamma. Tsakaninsu akwai rijiya da ake ban ruwan tumatir da ita a rani, mahaifin 'yan gidan yamma ne ya haƙa ta. A awon farko an nuna wa safiyo tsamiyar da ba ita ba ce iyaka, sai layi ya karkace, rijiya ta faɗa gonar gidan gabas. Haka na buga, haka ya shiga faifan akwati. Daga baya dattawa da mai unguwa suka sa aka sake awo a gaban kowa, aka matsar da dutse taku arba'in, rijiya ta koma ga masu ita. Safiyo ya kawo littafinsa na fita awo, wani baƙi mai tabon laka da ba ya rabuwa da shi har gida, ya tsaya a kaina yana karanto lambobi ina maimaitawa ina bugawa. Gyaran ya shiga na'urata, ya shiga ta Yallaɓai, ya shiga faifaina uku.

Sai mahaifiyata ta rasu a Zariya. Na tafi, na yi kwana tara, sai bayan sadakar bakwai na dawo.

Ranar Litinin na hau bene. Mai gadi ya yi mini ta'aziyya a bakin ƙofa. Babban akawu ma ya yi, kansa a cikin fayil. Yallaɓai da safiyo ba su iso ba. Ko jakata ban ajiye ba na ji ana tako matakala da gudu. Wani ƙaton mutum ya banko ƙofa, wasu biyu na biye da shi. Gaban rigarsa ya ƙage da busasshen jini, adda tsirara a hannunsa. Ya maka wata takarda a kan kantar ofis.

"Wa ya rubuta wannan?"

Babban akawu ya miƙe. "Malam, a yi sallama mana."

"Ban zo gaisuwa ba, tsoho. Jiya da hantsi 'ya'yan gidan gabas suka zo da wannan takarda, da hatiminku a jiki, suka fara kafa shinge suna zagaye rijiyar ubanmu. Yayana ya riƙe itacen ya ce ba za a kafa ba. Suka sari itacen da hannunsa a kai. Yatsu uku. Ni na tsinto su a cikin tumatir. Na zuba a hulata na kai asibiti, likita ya ce in je in binne. Ina tsaye aka sake awon nan, da idona na ga an matsar da dutse. Wa ya mayar da layin?"

Na juya ina kallon babban akawu, don ni ban san ma an ba da takarda ba. Sai na ga hannunsa ya tashi a hankali, farin hannun kaftani na zamewa, ɗan yatsa ya miƙe ya tsaya a kaina.

"Duk takardar da ta fita daga nan, ga mai buga ta. Mu ba mu san na'ura ba."

Ban ga lokacin da mutumin ya tsallake kanta ba. Na dai ji an finciko mayafina ta baya an murɗe shi a wuyana. Ya ɗaga ni har sai da dugadugaina suka bar ƙasa. Adda ta sauka a teburina, ta tsaga katako ɗan taƙi kaɗan daga inda hannuna yake. Ya zare ta, ya mare ni da bayan hannu, kunnena na hagu ya ɗauki ƙara. Ƙarnin jinin yayansa ya cika mini hanci. Ina so in ce kwana tara ba na gari, amma ba iskar da zan faɗa da ita. Na kai farce na yagi fuskarsa, ya ƙara murɗawa. Idona ya fara ganin duhu daga gefe.

Mai gadi ne ya cece ni. Tsoho ne, amma hannunsa bai manta ba. Ya sauke masa kulki a wuyan hannu, na ji ƙas, adda ta faɗi. Sauran biyun suka yi kansa. Aka kifar da benci, gilashin taga ya tarwatse, masu fenti suka hawo da sanduna. Aka yi ta dambe a ɗan wurin da bai fi ɗakin kwana ba, ni ina durƙushe ƙarƙashin tebur ina tari kamar zan amayar da huhuna. Da ƙyar aka ja su ƙasa. Daga matakala ina jin muryar mai addar.

"Na ga fuskarki! Jibi za mu koma rijiyar da mutanenmu, in mun gama da su in dawo kanki! Duk Rigachikun sai ta san ke ce!"

Na rarrafo na ɗauki takardar daga ƙasa. Ranar Alhamis aka ba da ita, ranar da nake zaune a tabarmar makoki a Zariya. Na duba lambobin. Na awon farko ne.

Na kunna na'urata. Jerin fayiloli ya fito a baƙin gilashi. Na bi gefen da ake rubuta rana da yatsa, daga sama har ƙasa. Duk fayil ɗin da aka fara a watan farko ya koma ranarsa ta watan farko. Gonakin Rigachikun, fulotan bayan bariki, filin makaranta, duk inda aka taɓa sake awo aka gyara, gyaran ya tafi. Na ruga ofishin Yallaɓai na kunna tasa. Haka. Na dawo na ja durowa. Faifaina uku suna jere tsaf, an ɗaure su da zare, kowanne an manna masa sabuwar takarda da jan biro: An daidaita da asali. Ga sa hannu a ƙasa, ga rana.

Na sa na Litinin a na'ura. Na sa na Laraba. Na Juma'a ban ma sa ba.

Babban akawu yana zaune yana karkaɗe ɓaraguzan gilashi daga kan fayilolinsa.

"Baba Akawu, wa ya taɓa na'urata?"

Muryata ta fito kamar ta wata tsohuwa, saboda shaƙar.

"Ni ne. Masu gona sun zo karɓar takarda ba kya nan, aiki ba zai tsaya don ke ba. Na bi kwalinki na bango. Amma ni ba na ba da takarda sai na gwada ta da asali. Na buga ta na'ura, na buga ta asali, na jera su da rula layi-layi. Ba su yi daidai ba. Na duba wasu, fayil ya fi ashirin lambobi sun bambanta. Wata biyar kina ta ɓarna ba mai duba ki. Na gyara miki duka, har na durowa. Yini biyu na yi a kai."

"Ba ta tambaye ka ba? Na'urar ba ta ce ka tabbata za ka danne wanda ke ciki?"

"Ta tambaya, a kowane fayil. Na ce mata e. Na fi ki jin Turanci."

"Gyara ne ka goge! An sake awo, kana zaune a nan safiyo ya karanta mini!"

"Ba a kawo mini a rubuce ba."

Har nan ina iya riƙe kaina. Wallahi har nan. Na ce a raina tsoho ne, abin da ya iya ke nan, da takarda aka haife shi. Sai na yi masa tambaya ta ƙarshe.

"To ka san kai ka buga ta. Me ya sa ka nuna ni?"

Ya gyara zaman hularsa. "Adda ce a hannunsa, so kike in ce ni ne? Ke mace ce, na san ba zai kashe mace ba." Ya dubi wuyana, ya ɗan murmusa. "Ba 'yar yaƙi ba ce ke? Ai ga yaƙi ya zo har ofis."

A teburinsa akwai abin huda takarda, babba na ƙarfe, irin na da, mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Na ɗauka hannu biyu na sauke masa a baki. Ya tafi da baya shi da kujera, tabarau ya yi gefe, hula ta yi gefe. Na bi shi. Ya lalubo rular ƙarfe ya tsaga mini gira, jini ya rufe mini ido ɗaya, ban ji zafi ba sai daga baya. Na danne ƙirjinsa da gwiwa. Ya tofar da haƙora biyu a kan farin kaftani. Na jawo faifan Juma'a mai jan rubutunsa ina cusa masa a baki ina cewa ya ci, ya ci abin da ya daidaita. Yana ta shure-shure yana kiran sunan Allah, ni kuma ina kiran na uwata da na binne, ban san dalili ba.

Mai gadi ya rungumo ni ta baya ya ɗaga, shi ma goshinsa a fashe.

"Malama, za ki kashe shi! Haba! Yau wace irin rana ce? Ni da na ajiye bindiga na zo gadi don in huta!"

Ba na alfahari da dukan dattijo. An yi mini tarbiyya, na san girman furfura. Amma in na ce na yi nadama na yi ƙarya, kuma ban shiga aji da girmana don in zo ina rubuta ƙarya ba.

A haka Yallaɓai ya shigo, safiyo na bayansa. Ya tsaya ya dubi tsagaggen tebur, ya dubi jini a siminti, ya dubi babban akawu da ke toshe baki da hankici. Ya ce mai gadi ya kai shi kemis. Ni kuma ya kira ni ofishinsa. Na nuna masa ranakun a tasa na'urar. Ba wawa ba ne, kafin in kai ƙarshe ya gane komai. Ya daɗe yana murza goshi.

"Ki saurare ni. In aka ji babban akawunmu ya ba da tsohuwar takarda da hatimi, ba wanda zai ƙara yarda da takardar ofishin nan. Amma kuskuren mai buga takarda kowa ya san ana yi. Za mu ce an yi kuskure wurin bugawa, kuma an sallami mai bugawa. Ki zauna a gida wata biyu. In abu ya lafa sai ki dawo a hankali."

"Yallaɓai, da sunana za a goge jinin?"

"Magana ce kawai ta baki."

"A wuyana ta sauka, ranka ya daɗe. Ga ta nan, duba."

Bai duba ba. "Ke ma kin fasa wa sa'an mahaifinki baki. In na ga dama yanzu in kira 'yan sanda."

"Kira su. Sai in nuna musu ranar da ke kan takardar, su tambayi mutanen Zariya inda nake."

"Ki iya bakinki."

"To sabuwar takarda fa? Mutumin ya ce jibi za su koma rijiyar da mutanensu."

"Sai an sake buga komai daga littafin safiyo, lauya ya duba. Ba abin gaggawa ba ne. Kawo makullin durowa."

Safiyo yana tsaye a bakin ƙofa, baƙin littafin a hammatarsa. Shi ya auna, shi ya matsar da dutse, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Na dube shi. Ya dubi takalminsa. Na ciro makullin daga bakin zanena na jefa a tebur, na fita.

Da ƙafa na koma Unguwar Sarki, don ba na son a zuba mini ido a cikin mota. Duk da haka an zuba. Maigidana kafinta ne, shagonsa a ƙofar gida. Yana fere wani katako ya ɗago ya gan ni. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya biyo ni ciki, ya ɗaga haɓata ya ga shatar mayafi ta zagaye wuya.

"Wa?"

"Mutum biyu. Ɗaya na rama."

Ya juya zai ɗauko guduma. Na ce ya zauna, jinin yau ya isa. Ya sa aka ɗora ruwan zafi, da kansa ya riƙa gasa mini wuya da tsumma, ina ba shi labari a gutsure don maƙogwaro ba ya barin magana mai tsawo. Da na gama ya yi tsaki.

"Ki bar musu aikinsu. Da ba ki iya boko ba, da yunwa kika kwana?"

"Ba aikin ba ne, Malam. Yanzu haka a Rigachikun akwai matar da ke wanke wa mijinta dungulmin hannu, kuma an gaya mata ni ce. Gobe Yallaɓai zai aika a tabbatar mata. Jibi in aka kashe wani a bakin rijiyar nan, shi ma ni ce."

Ya matse tsumma ya sake tsomawa.

Ina zaune har aka kira magariba ina lissafa wuraren da aikin yake. Na'ura biyu, faifai huɗu. Wuri shida, yanzu duk bakinsu ɗaya, kuma duk ƙarya suke faɗa. Wata biyar ina kai da kawo tsakanin tebura biyu don kada a wayi gari wani ya saɓa wa wani, ga shi kuwa ba wanda ya saɓa. Gaskiyar layin nan ba ta rage a ko'ina ba sai a fensir, a cikin littafi mai tabon laka, a hammatar mutumin da ke jin tsoron inuwarsa.

Da safe bayan na yi sallah na ɗaura zane, na yafa wani mayafin, na bar wuyana a buɗe don kowa ya gani. Maigidana ya ce zai raka ni. Na ce ya taho, amma ya bar gudumar a shago. Gidan safiyo yana bayan masallacin unguwarmu. Maigidana ya yi sallama, safiyo ya fito da kofin koko a hannu. Da ya gan ni kokon ya zube masa a ƙafa.

"Malama, lafiya?"

"Ɗauko littafin."

"Ai Yallaɓai ya ce sai lauya..."

"Ban tambaye ka abin da Yallaɓai ya ce ba. Kai ka auna, ni na buga. Za mu je wurin mai unguwa a kira gida biyun. Ka buɗe shafin a bakin rijiya ka karanta lambobin da bakinka. Ni kuma in faɗi wanda ya ba da takarda ranar Alhamis, da inda nake a ranar."

"Mutanen nan fa a fusace suke. Za su iya sare mu."

"Sun riga sun fara da ni, ga ni tsaye."

"Aikina fa, Malama? Ina da iyali."

"Mai yatsu biyu ma yana da iyali. Ka ga bakin Baba Akawu jiya?"

"Na gani."

"To."

Ya shiga ciki. Ya daɗe har maigidana ya fara leƙa zaure. Sai ga shi ya fito da takalmin fita awo a ƙafa, littafin a hammata. Muka taka har Kawo. Muka sami motar hanyar Zariya saura mutum uku ta cika. Na sa safiyo ya fara shiga can ciki, maigidana ya bi shi, ni na zauna a bakin ƙofa don kada ya sauka a hanya. Na ce wa kwandasta Rigachikun, mutum uku.